Daraktan da Ya Hau Sama Ba Sanarwa

Duk faɗin Daura, in ka cire mai shela, babu wanda ya kai Ɗantsoho baki. Makaranta tun a aji uku na sakandare ya yi mata sallama, a cewarsa malaman ne suka kasa biyo shi. Ya taɓa faci, ya taɓa acaɓa, ya taɓa sayar da kaset a tasha, kuma kowace sana'a da gudu aka rako shi. Daga nan sai ya ɓace kwana tara cur. Ya dawo da hular hana-salla da baƙin tabarau mai hannu ɗaya, ya ce daga Kano yake wurin 'yan fim, kuma daga ranar duk wanda bai kira shi Darakta ba kada ya sa ran amsa. Innarsa ce kaɗai ta ƙi bin doka, ita har yau "kai ja'iri" take ce masa, kuma yana amsawa.

A shekarun nan ne da shari'a ke da ɗuminta, kowa na gyara zama, Alhaji Abdulbaƙi falken shanu ya dawo daga aikin Hajji da kyamarar bidiyo mai girman kan maraƙi, irin wadda ake ɗorawa a kafaɗa. Duk gidansa aka rasa mai iya kunna ta. Sai ya aika aka kira samari uku na unguwa da suka ishi kowa da zancen fim: Anwar ɗan gidan tela, da Jafaru mai gyaran rediyo, da Ɗantsoho.

Alhaji ya ce, "Ga walima, ga saukar karatu, ga wa'azi, kullum sai an ɗauko mai ɗauka daga Katsina. Ɗaya daga cikinku zan tura ya koyo aikin nan, in ya dawo kyamarar tasa ce. Ɗaya fa na ce. Kowa ya riƙe ta yini guda ya ɗauko min unguwar nan, ranar Juma'a bayan la'asar in kalla in zaɓa."

Suna fitowa suka zube a gindin darbejiyar ƙofar gidan, musu ya kaure.

Anwar ya ce, "Ni dai in Allah ya sa ni ne, Jos na nufa. Akwai makarantar fim a can, a koya maka haske, a koya maka sauti, a koya maka yadda ake yanka hoto a haɗa. Kiredit biyar aka ce min suna nema, ina da shida."

Jafaru ya ce, "Ka je sanyi ya busar da kai ka dawo da takarda. Takardar ce za ta riƙe maka kyamara? Kano ake zuwa a bi ubangida. Shekara ɗaya kana naɗe waya, shekara ɗaya kana ɗaukar fitila, ta uku a ce zo ka leƙa."

"Shekara biyu kana naɗe waya da ɗaukar fitila? Ai gara Zariya, ko aikin talabijin ka karanta."

"Zariya sai ka yi shekara huɗu kana rubutu ba ka taɓa maɓalli ba."

Ɗantsoho ya bari sai da suka gaji, sannan ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya dube su ta sama kamar likita ya ga masu ƙazuwa.

Ya ce, "Allah sarki, yara. Ɗaya zai je ya biya a koya masa kallo, ɗaya zai je bauta. Ni da Alhaji ya miƙo min, sai Indiya. Kuma ba koyo zan je yi ba, gaisawa zan je mu yi da abokan aiki."

Anwar ya ce, "Kiredit nawa suke nema a Indiyar, Darakta?"

"Ido suke nema. Ka taɓa ganin an rubuta ido a jarrabawa?"

Jafaru ya ce, "To da wane yare za ku gaisa?"

"Fim ɗinsu na kalla ya fi ɗari uku. In suka yi kuka na san dalili, in suka yi rawa na san dalili. Me ya rage?"

Litinin Anwar ya yini a maƙera, ya ɗauko wuta da guduma da zufar maƙeri. Talata Jafaru ya tafi kara ya ɗauko lodin shanu. Ɗantsoho ya bi su duka biyun yana taɓe baki.

Ya ce, "Kun tsaya a ƙasa kuna ɗaukar duniya yadda akuya ke ganinta. Gobe za ku ga aiki. Ku zo da wuri, ina bukatar ma'aikata."

Laraba da hantsi ya saɓa kyamara a kafaɗa, sai da ya ɗan tangaɗa don bai zaci nauyinta ya kai haka ba. Ya lalubi maɓalli da babban yatsa ya danna. Wata 'yar jar fitila ta kama a goshin kyamarar.

Ya gyaɗa kai ya ce, "Yauwa, tana hutawa ke nan. Ja tsayawa ne. Da kun taɓa zuwa Kano kun ga danja da kun sani. In za a ɗauka sai a kashe jan, hanya ta buɗe."

Anwar ya buɗe baki zai yi magana. Jafaru ya tuna cewa mutum ɗaya Alhaji ya ce, sai ya take masa ƙafa, ya ce, "Ikon Allah! Mu da muka yini da ita ba mu lura ba. Ilimi kogi ne, Darakta."

"Ku dai ku riƙa tambaya."

Aikin farko, wai hoto mai tafiya. Ya ce a Kano dogo ake shimfiɗawa kamar na jirgin ƙasa a gangaro da kyamara a kai, amma gwani ba ya rasa dabara. Aka aro baron mai kai itace. Darakta ya shiga ya harɗe ƙafafu, Jafaru ya kama hannuwa.

Ya danna maɓalli, jan ya mutu, ya daka tsawa irin ta 'yan fim in za a fara ɗauka, "Akshan!"

Jafaru ya tura. Layin kuwa gangare ne, kuma ƙafar baron ta daɗe da sallama da mai. Tafiya ta fara da ƙiiƙii, ta koma gudu, Jafaru ya ga baro na neman tafiya da shi, ya sake shi ya ce Allah ya kiyaye hanya. Baro ya wuce mai rake, ya wuce masu dara, ya tarar da kwatar da ta ratsa layin, ya dasa ƙafa a ciki ya tsaya cak. Darakta bai tsaya ba. Abin da za a yaba masa ɗaya ne, ya ɗaga kyamarar Alhaji sama da hannu biyu, shi kuwa ya sauka zaune a cikin ruwan wanke-wanken unguwa har iya ƙugu.

Wani tsoho cikin masu dara ya ce, "Ɗan nan, fim ɗin kifi kake yi?"

Ɗantsoho ya danna maɓalli, jan ya dawo, ya tsayar da aiki da yaren 'yan fim, ya ce, "Kat! Haka na tsara shi, Baba. Ana ce masa saukar gaggawa."

Aiki na biyu, wai haske. Ya saci jiki ya ɗauko babban tiren silba na innarsa, wanda ba a fito da shi sai ranar suna, ya damƙa wa Anwar. A bakin masallaci wanzami na gyara wa Harisu fuska. Shi Harisun nan ɗan hisba ne, kuma tun ranar da aka ƙaddamar da shari'a yake tattalin gemunsa kamar mai renon ɗan fari, sai da ya kai wata goma sha huɗu kafin ya cika hannu.

Ɗantsoho ya raɗa wa Anwar, "Ga fuska mai tarihi. Tari rana da tiren nan ka watsa musu."

"Darakta, aska fa ke hannunsa."

"Kai da za ka Jos koyon haske, ga shi ina koya maka kyauta kana musu? Akshan!"

Anwar ya karkata tire. Rana ta taso gaba ɗayanta ta faɗa idon wanzami. Wanzami ya ce "Subhanallahi," hannu ya zarce, sai ga gefen gemun Harisu na dama ya sauko kan tabarma a hankali kamar gashin tsuntsu.

Harisu ya shafa dama ya ji fili, ya shafa hagu ya ji daji. Kafin ya gama tantance asarar, Darakta da ma'aikatansa sun sha kwana uku, tire na ƙara a bayansu.

Da suka tsaya haki, Anwar ya ce, "Don Allah mu tsaya haka nan. Abin da ka ɗauka ya isa."

"Ya isa? Ai waɗannan share fage ne. Babban hoto daga sama ake ɗauko shi. A Kano akwai wani ƙarfe mai dogon wuya da ke ɗaga mutum sama da kyamara, ka ga gari na buɗewa a ƙarƙashinka kamar tabarma. Alhaji na ganin wannan zai ce a kawo fasfo."

Jafaru ya ce, "To ina za mu samu ƙarfe mai dogon wuya a Daura?"

Ɗantsoho ya nuna da haɓa. A dandalin ƙofar gidan Alhaji, Mati mai raƙumi, mutumin garin Babban Mutum da ke kawo kanwa da itace yana rabawa gida-gida, ya sauke kaya ya durƙusar da raƙuminsa yana shan fura.

Ɗantsoho ya ce, "Allah ya riga Bature ƙera shi."

Mati ya saurari bayani har ƙarshe, ya lashe ludayi, ya ce, "Ka taɓa hawa?"

"Ni da na hau abin da ya fi wannan tsawo sau bakwai?"

"To ka kama sirdi da kyau, da baya yake fara tashi. Kuma ni zan riƙe akala, ba ya jin maganar kowa sai tawa."

Anwar ya jawo rigar Ɗantsoho ya ce, "Darakta, ka dubi katangun unguwar nan, duk ba su kai wuyan raƙumi ba. Ka san ƙa'ida. Ko magini zai hau soro, ko mai gyaran eriya, sai ya ɗaga murya ya ce za a hau sama a kimtsa, ya jira mata su shige ɗaki. Bari in zaga in faɗa."

"Ni magini ne? Dandali kawai zan ɗauka. Kuma in ka yi shela kowa zai fito yana gyara hula, hoto ya lalace. Fim na gaskiya ba a yi masa sanarwa."

Ya haye, ya gyara hana-salla, ya kafa ido a kyamara. Sai ya hango kan Mati a gabansa.

"Malam Mati, rawaninka ya cika min hoto. Saki igiyar ka matsa."

"Na ce maka ba ya..."

"Wa ke ba da umarni a nan? Matsa! Jafaru, ina katakon?"

Dama ya sa Jafaru ya samo ɓallayen katako biyu, wai sai an tafa su hoto ke shiga da albarka. Mati ya ɗaga kafaɗa, ya saki akala, ya koma kan furarsa. Ɗantsoho ya kashe jan, ya cika ƙirji da iska.

"Akshan!"

Jafaru ya haɗa katako, ƙwas, daidai kunnen raƙumi.

Raƙumi ya yi wani gurnani kamar ana juye ganga, ya tashi da baya, Darakta ya tafi gaba har hancinsa ya gaisa da wuya. Ya tashi da gaba, Darakta ya dawo baya, hula ta yi nata wuri, tabarau ya bi ta. Da ya buɗe ido ya ga inda ƙasa take, sai ya gane ashe duk abin da ya taɓa hawa a duniya bai wuce bayan a-kori-kura ba. Ya rungume tozo da hannu ɗaya, ɗayan ya maƙale a igiyar kyamara a kafaɗa, ya runtse ido gam.

Shi kuwa raƙumi gudun nasa bai yi nisa ba. Yana shiga lungu ya tuna da aikinsa na kullum, sai ya koma tafiyar ƙasaita, yana tsayawa a kowane gidan da Mati ya saba sauke kanwa. Ya tsaya a gidan farko, ya zura wuya ta kan katanga. Matan gida na tsakar gida suna wanki, suka ɗaga kai suka ga ƙaton namiji a sama, da baƙin akwati a kafaɗa ya auno su.

"Wayyo! Namiji a sama! Mai hoto ne!"

Aka watse, bokiti ya kife, wata ta shige akurkin kaji. Raƙumi ya jira, bai ga an kawo masa dusa ba, ya wuce gida na gaba. Nan kitso ake yi. Na gaba daka. Na gaba wata tsohuwa ce ke shan iska da ɗaurin ƙirji, ita ko gezau ba ta yi ba, sai ta ɗauki muciya ta auna, ta samu Darakta a gwiwa.

Yana sama yana ta kiran, "Mati! Malam Mati! Inna! Ku sauke ni don girman Allah! Kat! Na ce kat!"

Raƙumi bai je Kano ba, bai san kat ba.

Kafin a kai gida na bakwai, lungu ya cika. Magidanta sun baro kasuwa, wasu da sanda, wasu da takalmi a hannu. Mati na baya yana kutsawa, jama'a sun hana shi isa ga akala. A gida na goma sha ɗaya, gidan Malam Nu'uman mai makarantar Islamiyya, raƙumi ya tarar da zogale ya leƙo ta kan katanga, ya ce nan ne masauki. Ya tsaya yana ci a natse, kyamara na kallon tsakar gidan da ko ƙanin Malam ba ya shiga sai da izini, har tsawon lokacin da za a dafa shayi.

Malam Nu'uman ya fito ba hula, abin da ba a taɓa gani ba. Ya ɗaga kai ya ce, "Inna lillahi. Ɗantsoho, iyalina kake ɗauka?"

Mati ya iso ya durƙusar da raƙumi. Darakta ya gangaro kamar buhun kanwa, ya danna maɓalli don kada a ce ya manta aikinsa, jan ya kama. Hannun farko da ya cafki wuyan rigarsa na Harisu ne, mai rabin gemu.

Zauren mai unguwa bai taɓa cika irin na ranar ba. Magidanta goma sha ɗaya a gaba, 'yan kallo har kan katanga, Alhaji Abdulbaƙi a gefe ya haɗe rai, an ajiye kyamararsa a tsakiya kamar gawa.

Malam Nu'uman ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ma neman komai sai hakki. Ya hau sama bai sanar ba, ya leƙa gidajenmu, ya kuma naɗe matanmu a kaset. Gobe a wayi gari ana haya da su a shago."

Mai unguwa ya ce, "To a sa kaset ɗin mu gani."

"Wa zai gani, ranka ya daɗe? Iyalina ne fa a ciki."

Wani ya ce, "Ni ma ban yarda Malam ya ga nawa ba."

"Ni kuma ban yarda mai unguwa ya ga kowa ba, Allah ya ba shi haƙuri."

Aka yi cirko-cirko. Ga shaida a gaban kowa, babu namijin da ya halatta ya kalle ta. Anwar ya ɗaga hannu zai yi bayani, aka ce ya rufe baki, ai shi ne mai tire. Can mai unguwa ya ce a kira Iya, yayar mahaifinsa, wadda ta yi wa rabin matan unguwar wankan jego, babu abin da za ta gani da ba ta taɓa gani ba. Aka kai talabijin da bidiyo ɗakin da ke jikin zaure, Jafaru ya haɗa wayoyi ya kai kaset daidai farkon aikin Laraba, ya fito aka saki labule. Iya ta zauna ita kaɗai, aka ce ta riƙa faɗin abin da take gani da ƙarfi.

Ɗantsoho, duk da gwiwa na zogi, sai ya ji wani daɗi ya taso masa. Ko ba komai, yau za a ji aikinsa a gaban Alhaji. Ya gyara zama ya ce, "Iya, ki lura da hoto mai tafiya, shi ne na farko."

Muryar Iya ta fito daga bayan labule. "Ina ganin ƙasa."

"Share fage ne. Ci gaba."

"Ƙasa dai. Ga ƙafa da silifa, ɗaya an ɗaure da waya. Ga kashin awaki. Yanzu ga baro, wani ya shiga ya zauna. Af, hoton ya ɗauke. Ga shi ya dawo. Kwata ce, wani na zaune a ciki, ina ganin gwiwoyinsa."

Dariya ta fara tsiyaya daga bakin ƙofa.

"Ga ƙasa kuma. Ga gindin tire. Ya ɗauke. Yanzu gudu ake, ƙasa na rawa, wani na cewa wayyo zai kama mu. Ni jiri ma nake ji. Ga ƙafar raƙumi. Ga wani rawani. Ya ɗauke."

Malam Nu'uman ya matso ya ce, "Daga nan fa, Iya? Gidajen fa?"

"Daga nan sai ga ƙafafu da yawa, ana jan wani a ƙasa yana cewa ku yi min rai. Sai zauren nan. Ga ƙafarka ma, Malam, ka sa takalmin a juye."

"Ba mace ko ɗaya?"

"Ko akuya mace ban gani ba. Ku zo ku kashe abin nan, ni na zaci fim za a nuna min."

Zaure ya ɗauka gaba ɗaya, har mai unguwa sai da ya rufe baki da hannun riga. Anwar ya samu ya faɗi abin da aka hana shi faɗa tun safe, cewa in jan ya kama ne take ɗauka, in ya mutu ta tsaya. Duk inda Darakta ya ce akshan kashe ta ya yi, duk inda ya ce kat nan ya kunna.

Da mai hankali ne, da ya kama bakinsa ya gode wa Allah. Ɗantsoho ya dubi Alhaji, ya ga Indiya na nisa, sai ya miƙe tsaye.

"Ƙarya ne! Makirci ne! Tsohuwa ce, idonta ba ya gani! Wallahi na ɗauka, gida goma sha ɗaya, babu wanda na tsallake! Hoto daga sama irin wanda ba a taɓa yi a ƙasar Daura ba!"

Malam Nu'uman ya juya ga jama'a ya ce, "To kun dai ji da bakinsa."

Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce, "Ɗantsoho, zauna. Magana biyu ce, ka zaɓi ɗaya. In ka iya aikin nan, ka ɗauki matan mutane kamar yadda ka rantse, to ya fi ƙarfina, gobe sai gaban alƙali, kuma ka san abin da ake yi wa mai leƙen gidan mutane a zamanin nan. In kuwa ba ka iya ba, ka faɗa a gaban kowa, a yafe maka a matsayin wawa. Wanne ne?"

Harisu ya zaro dorina daga ƙugu, ya shiga lanƙwasa ta a hankali, yana shafa gefen da babu gemu.

Ɗantsoho ya dubi dorina. Ya dubi kyamara. Ya dubi Alhaji.

"Ranka ya daɗe, bulalar guda nawa ce?"

"Alƙali ne zai yanke. Ni dai ban ga za ta gaza ashirin ba."

"Da riga ko ba riga?"

Harisu ya ce, "Ni zan roƙi alfarma a ba ni aikin."

Ya sauke dorinar a kan buzun mai unguwa don gwaji. Ƙarar ta sa tantabaru suka tashi daga kan soro. Ɗantsoho ya ji ta har cikin ƙashin bayansa.

Ya ce a hankali, "Ban iya ba."

Mai unguwa ya ce, "Na bakin ƙofa ba su ji ba."

"Ban iya ba!"

Malam Nu'uman ya ce, "To kyamara ba ta gani ba. Idonka fa?"

Mati ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ni shaida ne. Tun da raƙumi ya fara tafiya bai buɗe ido ba, innarsa kawai yake kira."

Alhaji Abdulbaƙi ya gyara murya ya ce, "Ni tambayata ɗaya. Kwana taran da ka yi a Kano wurin 'yan fim, me ka yi?"

Ɗantsoho ya sunkuyar da kai. "Lema na riƙe."

"Lema?"

"Wa mai kyamarar. Kada rana ta dake shi."

"Ka iya ta kuwa?"

"Baba Alhaji, har yabona aka yi."

Alhaji ya miƙe ya kaɗe riga. Ya ce Anwar ya je ya haɗa takardunsa na Jos. Ya ce Jafaru, mai ganin rami ya yi shiru, ya ci gaba da gyaran rediyo. Sannan ya dubi Ɗantsoho ya ce, "Kai kuma ba zan bar gwani ya zauna banza ba. Rana na takura min a kara. Ranar kasuwa ka zo da wuri."

Haka aka yi. Ranar kasuwa Alhaji na tsakiyar shanu yana ciniki, Ɗantsoho na bayansa ya ɗaga wata ƙatuwar lema mai ruwan ɗorawa, in Alhaji ya yi dama ya yi dama, in ya yi hagu ya yi hagu. Wani baƙon dillali da ya zo daga Mai'aduwa ya dube shi ya ce, "Samari, kai yaron Alhaji ne?"

Ɗantsoho ya leƙa ya tabbata hankalin Alhaji na kan wani bijimi, sannan ya rage murya ya ce, "Yaro? Ni ne mai kula da haske. Akwai wanda aka tura har Jos ya koyo abin da nake yi ɗin nan."